Baƙon Shekara Ɗari: Shiru da Shaida a New Bell

Akwai wata magana da dattawan Hausawan Duwala suka gada daga iyayensu, su ma suke gadar wa 'ya'yansu: "Mu kasuwa ta kawo mu, ba ruwanmu da siyasar mutane." Ana jin ta a teburin mai shayi idan hira ta soma karkata wajen fadar shugaban ƙasa ta Etoudi a Yawunde. Ana faɗa wa saurayin da aka ga bakinsa ya fara zafi. Wani lokaci har a kan mumbari takan fito, sai dai a can an lulluɓe ta da addu'ar zaman lafiya. Wanda ya fara faɗinta bai yi ƙarya ba, domin shi baƙo ne na haƙiƙa, ya sauko daga Kano ko Yola ko Tibati da 'yar jakarsa, zuciyarsa kuma tana gida. Jikansa kuwa a unguwar New Bell aka yanke masa cibiya, a nan ya yi aure, a nan ya binne mahaifinsa, katin da ke aljihunsa na Kamaru ne. Shin shirun da ya zama hikima ga kakan ya halatta ga jikan? Ko kuwa akwai ranar da Allah zai tambayi mutum abin da ya gani a garinsu ya ƙi faɗa?

Ba a gane nauyin tambayar sai an san yadda aka yi unguwar ta kafu.

Jamusawa ne suka ƙirƙiri New Bell, kuma ba da kyakkyawar niyya ba. Tun daga 1910 suka ƙudura kwashe mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri, su mayar da wurin unguwar Turawa zalla, su tura masu ƙasa can baya, a bar fili mai faɗin kilomita guda a tsakani wanda ba a yarda kowa ya zauna a ciki ba. Sarkin gidan Bell, Rudolf Duala Manga Bell, ya ce bai yarda ba. Ya kai kuka har majalisar dokokin Jamus, ya tura sakatarensa Ngoso Din ya je can da kansa. Ranar 8 ga Agusta, 1914 aka rataye su biyun bisa zargin cin amanar ƙasa. Kafin Satumbar wannan shekara ta ƙare, sojojin Ingila da Faransa sun karɓe garin. Yawancin masu ƙasa ba su taɓa sakin jiki da sabon matsugunin ba, sai baƙi suka cika shi: Basa, Bamileke, Ewondo, Yarabawa, mutanen Dahome da Togo, da Hausawa. Unguwar da ake gaya wa yara su kama bakinsu a cikinta, tarihinta ya fara ne da mutumin da aka kashe saboda ya buɗe nasa.

Faransawa suka naɗa wa kowace ƙabila sarkinta, aikinsa tara haraji da kai rahoto. Tsarin bai zo wa Bahaushe da baƙunta ba, ya san shi tun daga zangon Salaga da Kumasi da Sabo ta Ibadan: sarkin zango ne ke magana da hukuma, maigida ya sauki baƙo ya tsaya masa, kowa ya fuskanci cinikinsa. Sana'o'in ma har yau su ne: fawa, tsire wanda mutanen Kamaru ke kira soya, kilishi, goro, canji, ɗinki, dillancin shanun da ke saukowa daga Adamawa, da tuƙin manyan motocin da ke kwasar kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa Njamena da Bangi. A idon mutumin kudu kuwa, duk wanda ya sa babbar riga da hula ya nufi masallaci Bahaushe ne, ko da Bafulatanin Garwa ne, ko Babarbare, ko ɗan Kotoko daga Kuseri. Saboda haka abin da ɗaya ya yi, a kan kowa yake faɗawa.

An ga haka ƙuru-ƙuru a ƙarshen mulkin mallaka. New Bell ce matattarar jam'iyyar UPC ta su Ruben Um Nyobe, wadda aka kafa a Duwala a 1948. A watan Mayun 1955 tarzoma ta ɓarke, sojoji suka yi harbi, ofishin jam'iyyar ya ƙone, a watan Yuli aka haramta ta. A Afrilun 1960, wata huɗu bai cika ba da samun 'yancin kai, wuta ta cinye unguwar Congo, dubban mutane suka wayi gari ba matsuguni. Har yau ana gardama a kan wanda ya kunna ta: wasu na ɗora wa jami'an tsaro, wasu na cewa Hausawa ne suka yi ramuwar gayya a kan 'yan tawaye. Ko ta wane gefe aka ba da labarin, sunan Hausawa ya shiga cikinsa a matsayin mutanen gwamnati, don shugaban sabuwar ƙasar, Ahmadu Ahidjo, Musulmi ne ɗan Garwa. Ya yi shekara 22 a kan mulki, daga 1966 kuma jam'iyya ɗaya ce tal a ƙasar. Ya miƙa wa Paul Biya a Nuwamban 1982. Sai ga yunƙurin juyin mulkin 6 ga Afrilu, 1984, wanda aka ɗora wa hafsoshin arewa, aka harbe wasu, aka ɗaure wasu, duk mai hula ya zama abin zargi. A zamanin Ahidjo shiru riba ce, bayan 1984 ya koma garkuwa. An ɗan motsa a farkon shekarun 1990, lokacin yajin da ya mayar da Duwala mataccen gari, har ɗan arewa Bello Bouba Maigari ya zo na uku a zaɓen shugaban ƙasa na 1992. Da ya shiga gwamnati a 1997, mutane da yawa suka koma ga maganar kakanninsu.

Masu kare wannan shiru ba jahilai ba ne, kuma zalunci ne a kira su matsorata. Suna da littafi a hannu. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda duk almajirin zaure ya biya, ta saka biyayya ga shugabanni da barin jayayya a cikin babin aƙida tun daga farkonta. Malaman Sunna sun daɗe suna karantar da cewa zaluncin mai mulki, komai ɗacinsa, ya fi sauƙi a kan fitinar da ke zubar da jini ba a san mai laifi ba. Misalansu kuma ba su yi nisa ba. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Ghana, Hausawan da suka tsufa a zango suka baro gidaje da shaguna cikin 'yan makonni. A Bangi, daga Disambar 2013, aka ɗora wa Musulmin kasuwa laifin mayaƙan Seleka, 'yan anti-balaka suka bi su gida-gida, dubbai suka tsallako Kamaru ta Garwa-Bulai a bayan irin motocin da direbobin Duwala ke tuƙawa. Direbobin sun dawo da labarin abin da idonsu ya gani. Sannan ga Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, wanda aka kama a Marwa a Yulin 2015 ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci ta 2014. Kotun soja ta yanke masa shekara goma, bai shaƙi iskar 'yanci ba sai Disambar 2017. Muryarsa sananniya ce a gidajen masu sauraron rediyo. Wanda ya ga waɗannan duka ya ce baki shi ke yanka wuya, ba za a ce ya yi wauta ba.

Sai dai littattafan da aka ɗauko hujjar shiru daga cikinsu ba a nan suka tsaya ba.

A shekara ta biyar da aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasu Musulmi suka yi hijira zuwa Habasha, ƙasar sarki Kirista. Babu baƙon da ya kai su baƙunta: ba ƙasa, ba dangi, ba ƙarfi. Da Ƙuraishawa suka aiko Amru ɗan As ya nemi a ba shi su, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya tsaya gaban Najjashi da fadawansa da manyan limaman cocinsa ya faɗi abin da suka yi imani da shi, har da abin da ya saɓa wa aƙidar masu masaukinsu game da Annabi Isa. Wannan kowa ya sha ji a wa'azi. Abin da ya biyo baya ne ba a cika faɗa ba. Ibn Ishaƙ ya ruwaito daga Ummu Salama cewa wani mutum ya taso yana neman ƙwace sarauta daga hannun Najjashi. Musulmi ba su ce rigimar mutane ce, ba ruwansu ba. Hankalinsu ya tashi matuƙa, suka duƙufa da addu'a Allah ya ba sarki mai adalci nasara. Suka hura salka, Zubairu ɗan Awwam, wanda yana cikin mafiya ƙuruciya a cikinsu, ya ɗaura ta a ƙirji ya ƙetare kogi don ya gano musu yadda yaƙin zai kaya. Ya dawo yana ɗaga mayafinsa da bushara. Ba su zare takobi ba, amma sun san wanda suke so ya ci, sun san dalili, ba su kuma ɓoye ba. Idan baƙon 'yan shekaru ya damu haka da wanda zai mulki ƙasar da ta sauke shi, ina ga wanda kakansa ke kwance a maƙabartar garin?

Malamai da dama na wannan zamani, cikinsu har da Shaikh Yusuf al-Ƙardawi, sun ɗauki jefa ƙuri'a a matsayin wani nau'i na shaida, kuma wannan ce mahangar da ta fi dacewa da New Bell. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana take a kan bashi da rubuta shi da kafa masa shaidu, ta kuma hana shaidu noƙewa idan an kira su. Wadda ke bi mata ta ɗora zunubi a kan zuciyar mai ɓoye shaida. Babu wanda ya fi ɗan kasuwa sanin wannan. Dillalin da aka yi cinikin saniya a gabansa a kara, idan rigima ta tashi ya ce shi bai ga komai ba, ya san sunan da za a riƙa kiransa da shi, ya kuma san ba mai sake ba shi amana. Hukuncin bai sauya ba don abin da aka gani ya girmi saniya.

Mutumin New Bell kuwa ya gani. Ya ga abin da damina ke yi a Yuli da Agusta, sa'ad da ruwa ke kwana yana zuba: kwata ta cika ta tumbatsa, ruwa ya bi lungu ya shiga ɗakuna, a ɗora katifa a kan benci, a saɓa yara a kafaɗa, a jera bulo da katako a ƙofar masallaci don mai alwala ya sami inda zai taka. Rijiya da masai maƙwabtan juna ne, shi ya sa da kwalara ta ɓarke a Duwala a 2004, unguwannin talakawa irin wannan suka fi jin jiki. Ya ga gobara ta sha lashe Kasuwar Congo, jarin shekara da shekaru ya zama toka kafin asuba. Ya ga samamen da ake kira kale-kale, a rufe unguwa da sassafe, a zaunar da magidanta a ƙasa, a ce kowa ya fito da kati, ya kuma san yadda ake jujjuya katin mai suna Garba ko Ɗanladi ana tambayarsa ainihin ƙasarsu. Babban kurkukun Duwala, wanda cunkosonsa ya yi ƙaurin suna, a cikin unguwar yake, kuma kowa ya san gidan da ke kai abinci can. Duk wannan sani ne da minista a Yawunde ba shi da shi, ba kuma zai same shi ba sai an gaya masa. Idan masu sanin suka yi gum, haƙƙin yaron da kwalara ta ɗauka yana wuyan wanda ya ci kuɗin magudanar ruwa, amma wani kaso nasa yana wuyan wanda aka kira shaida ya ce kasuwa ta kawo shi.

Wani abin takaici shi ne, ba ra'ayin aka rasa ba. Duk wanda ya zauna a majalisar bayan Isha'i zai tarar an san rikicin masarautar Kano filla-filla, yadda aka tuɓe Sanusi a 2020 da yadda aka mayar da shi a 2024. An rabu gida biyu a kan juyin mulkin Nijar na 2023, kowa na kawo hujja daga BBC da Muryar Amurka da DW da RFI. Amma a tambayi sunan kansilan da ke wakiltar unguwar a ƙaramar hukumar Duwala ta Biyu, ko nawa aka ware wa kwatoci a kasafin bana, sai hira ta yi sanyi, wani ya ce a ƙaro shayi. Ana zafi a kan ƙasar da ba a da ƙuri'a a cikinta, ana kame-kame a kan wadda ake da ita. Kuma ba gadon Bahaushe ba ne wannan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya jera zaluncin sarakunan zamaninsa ɗaya bayan ɗaya a Kitabul Farƙ, har da harajin da suke tatsa. Malam Aminu Kano da abokansa na NEPU, daga 1950, sun koya wa talaka ya dubi hakimi ya ce a'a. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan haka.

A can wani ɓangaren duniya akwai ƙasar da ta ɗauki wannan batu ta mayar da shi doka. Ostareliya ta wajabta jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya tun 1924. A zaɓen 1922 waɗanda suka fita ba su kai kashi 60 cikin ɗari ba, a na 1925 suka haura 90, kuma daga nan ba a ƙara komawa gidan jiya ba. Wanda ya ƙi fita ba tare da uzuri ba, tarar dala 20 ce a kansa. A can ne ma aka fara amfani da ƙuri'ar sirri irin ta yau, a 1856. A ganinsu ra'ayin ɗan ƙasa haƙƙi ne da ƙasa ke binsa, ba abin da zai bayar in ya ga dama ba. Amma Ostareliyar nan ce kuma ta nuna iyakar abin. 'Yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar, ba su sami cikakken 'yancin zaɓen tarayya ba sai 1962. A ranar 14 ga Oktoba, 2023 aka tambayi jama'a ko a kafa musu majalisar ba da shawara a cikin tsarin mulki, kusan kashi 60 suka ce a'a. An ƙirga daidai, ba wanda ya yi maguɗi, amma tsiraru sun tashi hannu rabbana. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, haka ne, sai dai yawa ba ya mayar da ra'ayi ya zama gaskiya, kuma Alƙur'ani ya yi gargaɗi a wurare da dama game da bin mafi yawa ido rufe.

To idan jama'a na iya kuskure, me ya sa za a tambaye su? Amsar tana Uhudu. A shekara ta uku bayan hijira, da rundunar Makka ta doso, Annabi ya fi karkata ga a tsaya cikin Madina a kare ta. Mafi yawan sahabbai, musamman samarin da Badar ta wuce su, suka nace a fita. Ya bi ra'ayinsu ya sa sulke. Aka fita, abin da ya faru ya faru, Musulmi kusan saba'in suka yi shahada, cikinsu har da Hamza. Da a ce shawara don a tabbatar da dacewa kawai ake yin ta, da nan ne za a soke ta. Amma ayar Ali Imrana da ta sauka a kan wannan yaƙi umartarsa ta yi ya yafe musu, ya nema musu gafara, ya ci gaba da shawartarsu. Ana tambayar mutane ne domin al'amarin nasu ne, su za su ɗauki nauyinsa, kuma al'ummar da aka daina tambaya takan daina tunani. Bayan rasuwar Umar, Abdurrahman ɗan Aufu ya kwana uku yana zagaya Madina yana jin ta bakin mutane a kan Usman da Ali, har malaman tarihi suka ce ya nemi ra'ayin matan da ke cikin ɗakunansu.

Wannan gaɓa ta mata tana buƙatar a tsaya a kanta. A Yulin 2015, bayan harin ƙunar baƙin wake a Fotokol, an hana sa niƙabi a Arewa Mai Nisa, hanin kuma ya iso har yankin Duwala. Gwamnoni sun yi magana, malamai sun yi, 'yan jarida sun yi. Matan da za su cire ko su zauna a gida, su ne aka fi ƙarancin jin muryarsu. Haka abin yake a maganar auren wuri, da karatun 'ya mace, da kuɗin haihuwa a asibiti. Sai da Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa, ta rubuta labarin auren dole ya ci babbar kyauta a Faransa a 2020, sannan wasu suka yarda akwai abin tattaunawa. Al'ummar da ke kukan gwamnati ba ta jin ta, ya kamata ta duba ko ita tana jin rabinta da ke cikin gida.

Zaɓen 12 ga Oktoba, 2025 ya kawo tambayar har ƙofar ɗaki. Issa Tchiroma Bakary, ɗan Garwa, wanda ya sha ɗauri bayan 1984, daga baya ya yi shekaru yana kakakin gwamnatin Biya, ya ajiye muƙamin minista a watan Yuni ya tsaya takara. Ya ce shi ya ci. Majalisar Tsarin Mulki ta ce Biya, mai shekara 92 a lokacin, ya sami kashi 53.66, shi kuma 35.19. Ranar 26 ga wata, jajibirin sanarwar, zanga-zanga ta ɓarke a Duwala, New Bell na cikin wuraren da suka ɗauki zafi, gwamnan yankin da bakinsa ya tabbatar da mutuwar mutum huɗu. Dattijo zai ce ga abin da muke gudu. Saurayi zai ce shirunku na shekara arba'in ne ya kawo mu nan. Kowannensu ya riƙe wani yanki na gaskiya.

Shaida dai tana da sharuɗɗa, kuma su ne ke raba ta da hayaniya. Mai shaida abin da ya sani yake faɗa. Wanda ya tura saƙon murya a WhatsApp cewa an kashe ɗari a wuri kaza, bai gani ba, bai bincika ba, ya saɓa wa umarnin Suratul Hujurati na tantance labari, ko da niyyarsa mai kyau ce. Mai shaida ba ya karɓar lada. Ƙuri'ar da aka bayar don buhun shinkafa da turmin atamfa shaidar zur ce, shaidar zur kuwa Annabi ya lissafa ta cikin mafiya girman zunubai. Mai shaida ba ya duba dangantaka, Suratun Nisa'i ta ce a tsaya kan adalci ko da a kan kai ne ko iyaye. Saboda haka wanda ya zaɓi Tchiroma don kawai suna fuskantar alƙibla ɗaya, bai tambayi me ya yi a shekarun da ya yi minista ba, zumunci ya yi, bai ba da shaida ba. Wanda ya zaɓi Biya don maigida ya ce haka za a yi, shi ma aron baki ya bayar. Wanda ya cinna wa shagon maƙwabcinsa wuta kuwa ya fita daga babin gaba ɗaya. Tsakanin yin gum da ƙona taya akwai fili mai faɗi wanda ba a cika shiga ba: yin rajista, fita zaɓe, tsayawa a rumfa har a ƙirga a gaban ido, halartar zaman majalisar ƙaramar hukuma, ƙungiyar mahauta ko ta direbobi ta rubuta koke da sunanta ta bi sawunsa.

A nan ne nauyin malamai yake. Maƙwabta Kiristoci sun saba jin Kadinal Christian Tumi, wanda ya jagoranci cocin Katolika ta Duwala daga 1991 zuwa 2009, yana faɗa wa gwamnati gaskiya a fili. Magajinsa Samuel Kleda, wanda ɗan Arewa Mai Nisa ne, bai sauya hanya ba. A ɓangaren Musulmi, abin da aka fi sanin majalisar limamai ta CIDIMUC da shi shi ne tarukan addu'ar zaman lafiya. Addu'a abu ne mai kyau, ƙasar da ke fama da Boko Haram a arewa da yaƙi a yankunan masu Ingilishi tana buƙatarta. Amma hadisin Tamimud Dari da ke cikin Sahihu Muslim, wanda ya mayar da nasiha ginshiƙin addini, ya ambaci shugabanni cikin waɗanda ake yi wa ita. Ba a nemi liman ya ɗaga tutar jam'iyya ba, yin hakan ma ɓarna ce. An nemi ya ce kwata ta toshe, cin hanci a bakin hanya haramun ne ga mai karɓa, sayar da ƙuri'a zunubi ne, tsare mutum shekaru ba shari'a zalunci ne. Limamin da ya iya huɗuba guda a kan tsawon wando zai iya guda a kan waɗannan.

Gaskiya ne dokar ƙasa da kanta tana tuna wa Bahaushe baƙuntarsa. Tsarin mulkin 1996 ya ba 'yan asalin yanki matsayi na musamman, dokar ƙananan hukumomi ta Disambar 2019 kuma ta keɓe kujerar magajin babban birni ga ɗan asalin yankin. Amma Bamileke ma haka dokar ta ɗauke su a Duwala, ba su kuwa yi shiru ba. Dokar zaɓe ta wajabta wa kowace jam'iyya ta lura da al'ummomin da ke cikin mazaɓa idan za ta tsara jerin 'yan takarar kansila, kuma Musulmi, waɗanda ƙidayar 2005 ta nuna sun kai kusan kashi 21 cikin ɗari na ƙasar, ba 'yan kaɗan ba ne a Duwala ta Biyu. Wanda ɗan Nijeriya ne ko ɗan Nijar a takarda, ƙuri'a ba tasa ba ce, kada ya kusance ta, nasa shi ne nasiha da gyaran unguwa da addu'a irin ta mutanen Habasha. Wanda aka haifa ɗan Kamaru kuwa ba shi da wannan uzuri.

Kira ga sarakunan Hausawa da limamai da iyayen gida na New Bell shi ne su fara da takarda, don yara da yawa sun girma ba takardar haihuwa, wanda ba shi da ita kuwa ba kati, ba ƙuri'a, ba jarrabawa. Kotu na bayar da hukuncin da ke maye gurbinta, a tara yaran unguwa a kai su, mata da maza. Shekarun zaɓe a Kamaru 20 ne, kuma a bisa doka hukumar zaɓe ta Elecam tana buɗe rajista kowace shekara daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Agusta.